Tsintsiyar Sarkin Tilgam

A shekara ta shida ta sarautar Sarki Barmo, na goma sha ɗaya cikin sarakunan Dargaza, Turawa suka kaure da yaƙi can ƙasashensu, tsautsayin ya biyo hanya har ya sauka kan mutanen da ba su ma san mafarin rigimar ba. Dargaza tana hannun Ingilishi. Tilgam, wadda ke arewa da ita tafiyar yini guda, tana hannun Faransi. Da manyan suka ɓata sai aka rufe iyaka, aka zuba masu bindiga a kan hanyoyi, aka ce ko kaza ce ta ƙetare a harbe ta.

To, Dargaza garin gero ne, Tilgam kuwa ita ce ƙofar gishiri da kanwa. Damina biyu ta wuce ayari bai sauka a zango ba. Mata suka koma tace ruwan toka, miyar Sarki da ta mai tsaron ƙofa ta zama ɗaya, lami. Shanu suka kama lasar bango, dawaki suka zube har ba mai iya ɗora musu sirdi. Ana cikin wannan ƙunci wani falke mai suna Mantau, ƙanen Ubandawaki Dambo, ya bi ɓarauniyar hanya da jakuna biyu don ya samo gishiri, sojan raƙumin Faransi suka harbe shi. Ko gawarsa ba a gani ba. Kowa kuwa ya san yawancin sojan nan 'ya'yan Tilgamawa ne.

Tun daga ranar ido ya koma kan Unguwar Gishiri, gida ɗari da ashirin na jikokin fataken Tilgam da suka yi aure suka zauna. Aka daina gaishe su a kasuwa. Mutumin da kuka yi kaciya tare sai ya gan ka ya kau da kai. Babban unguwar shi ne Galadima Anaruwa, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, ubansa Badargaje, uwarsa Batilgama. Da can ba wanda ya tuna da uwar, yanzu kuwa har waɗanda ba a haifa ba sa'ad da ta rasu sun san sunanta.

Ran bakwai ga watan cika-ciki, da hantsi, fatar babban tambarin fada ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Masu duba suka ce alamar jini ce. Galadima ya san an fi shekara ba a shafa wa fatar nan mai ba, amma ya yi shiru, don wanda ake zargi ba ya gyara wa masu duba magana. Ba a gama cece-kucen ba sai ga dogari ya faɗi ya ce jakadan Sarkin Tilgam yana ƙofa, da farar tuta da takardar Kumandan, wato Baturen da ke mulkin can.

Aka shigo da shi. Tsoho ne dogo, riga ta yi masa yawa. Bai durƙusa ba. Ya zaro wata sabuwar tsintsiyar kaba daga hammata, ya jefa gaban karagar Sarki, ya ce, “Sarkin Tilgam Ragau ya ce a hwaɗa ma bayinai na Dargaza, turɓaya ta cika mai Rijiyar Tagwai. Ayarin gishirin Kumandan na sabka can ran goma ga wata, raƙumi sittin, ba ya son su tarad da ƙazanta. In da sauran ɗa garin ga, shi zo shi share. Ya ce kuma ku ci tuwonku ku ƙoshi, tunda shi kaɗai kunka iya. Shi ya mance kamannin gero, bai ko yi kewa tai ba.”

Fada ta yamutse. Dogarai suka zabura za su yi masa rubdugu, Sarki ya ɗaga hannu, aka fita da shi. Galadima bai dubi tsintsiyar ba, jakadan ya bi da kallo. Ya ga lokacin da tsohon zai fita, idonsa ya tsaya kan tattabarun da ke tsintar gero a tsakar gida, maƙogwaronsa ya motsa.

Ubandawaki Dambo ya miƙe, ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, jinin ƙanena bai bushe ba, yau kuma an shigo har zaurenka an kira ka bawa. Joji, Baturen Ingilishi da ke kanmu, ya ba mu bindiga ashirin don tsaron iyaka. Ka ba ni izini in sauka Rijiyar Tagwai da su, in share ta sharar da ba za su manta ba, in koro maka raƙuman nan har ƙofar fada.”

Fadawa suka ɗauka da “Gaskiya ne, Ubandawaki!” Sarki Barmo saurayi ne ɗan shekara talatin, bayan an ja iyaka aka haife shi. Idanunsa sun yi jawur, amma yana da hali guda mai kyau, ba ya yanke magana sai ya zagaya majalisa. Ya ce, “Galadima, kai kaɗai ne ba ka ce kome ba.”

Galadima ya gyara zama. Ya san duk abin da ya faɗa za a auna shi da jinin uwarsa. Ya ce, “Zaki, Allah ya ja zamaninka. Wanda ya kafa Tilgam da uwar wanda ya kafa Dargaza ciki ɗaya suka fito. Su 'ya'yan namiji ne, mu 'ya'yan mace, taubasai ke nan. Ba wanda ke zaune a nan da bai taɓa tare taubashinsa a watan nan ya karɓi na shara ba, shi kuma ya kira shi bawa, aka yi dariya. Abin da ake yi tsakanin gida da gida, da can ana yin sa tsakanin gari da gari. Kowace shekara Sarkin Tilgam yakan aiko da tsintsiya da baƙar magana. Mu je Rijiyar Tagwai ba makami, mu share bakinta, mu kwashi abin da muka iya ɗauka cikin kayansu, ba mai hana mu. Ina cikin waɗanda suka je ta ƙarshe, shekara talatin da shida ke nan. Sarki Ragau yana nan ranar, ni na tuɓe masa takalmi. Yau Kumandan ya hana shi sayar mana da gishiri, akwai tafinta zaune a fadarsa yana kwashe kowace kalma. Zagi ne kaɗai zai wuce kunnen tafinta ya iso nan lafiya. Ga sunan rijiya, ga rana, ga yawan raƙuma. Mai neman yaƙi ba ya faɗa maka haka.”

Wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai. Sun tuna sarai, tsoro ne ya ɗaure musu baki.

Ubandawaki ba wawa ba ne. Ya ce, “Na san shara, Galadima, ni ma ina da taubasai. Abin da ya sa na ƙi ke nan. Kumandan yana neman ƙarti don aikin hanya, mutanen can suna ta mutuwa a kai. In ni ne shi, na kuma sami tsohon sarki a tafin hannuna, me ya fi sauƙi in sa shi ya kira Dargazawa da al'adarsu, su zo hannu sake, in ɗaure su a igiya? Kai da kake ba mu labarin kakanni, a wane gefen rijiyar zuciyarka take?”

Maganar ta soki Galadima, don shi ma wannan tunanin ya zo masa tun jakada na magana. Ya ce, “Ba ni da shaidar da ta wuce abin da na ji, na kuma gani. Sarkin da ya ce ya mance kamannin gero yunwa yake faɗa maka, girman kai ne ya hana shi kiran sunanta. Zaki, ka bar ni in je da mutum arba'in, da tsintsiya, da jakuna ɗauke da gero.”

Wani daga baya ya ce, “Ku ji fa, har ciyar da su zai yi!”

Sarki ya daɗe yana duban tsintsiyar. Can ya ce, “Ga hukuncina. Galadima zai tafi, amma mutum arba'in ɗin daga Unguwar Gishiri za su fito, geron kuma daga rumbunansu. Ubandawaki zai bi bayansu da bindigogi, ya laɓe bayan tudun da ke kudu da rijiya. In bai ji ƙarar bindiga ba, kada ya motsa. In ya ji, ya san aikinsa. Kai kuma Galadima, ka ji da kyau. In jinin Badargaje ko ɗaya ya zuba a wurin nan, rawaninka ya sauka, Unguwar Gishiri kuma ta tashi gaba ɗaya ta bi ku can wurin dangin uwa. Ka yarda?”

Galadima ya auna sharaɗin. Gida ɗari da ashirin, da tsofaffi da masu goyo, in aka tura su iyaka harbe su za a yi. Amma ya san in Ubandawaki ya tafi shi kaɗai aka zubar da jini, unguwar ba za ta kai Sallah a garin ba. Ya ce, “Na yarda, Allah ya ba ka nasara.”

Ran goma ga wata, da aka idar da sallar asuba, suka fita ta ƙofar arewa. Abin kallo ne, sai dai ba wanda ya yi dariya: magidanta arba'in kowa da tsintsiya a kafaɗa da igiya a ƙugu, suna kora jakuna tamanin. Mutanen gari suka tsaya kan ganuwa suna kallo, ba mai cewa a sauka lafiya. Can baya Ubandawaki da mutanensa suna tafe a ƙasa, don ba dokin da zai iya kai su.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da suka hau tudun. Galadima ya hango raƙuma gurfane kewaye da rijiya, kantun gishiri jibge a gefe, ga sojan raƙumi goma tsaye da bindigogi a kafaɗa. Ya waiwaya ya ga mutanensa duk shi suke kallo. Ya yi bisimilla, ya gangara, ya sunkuya ya fara shara tun daga nesa, kamar yadda ya ga an yi yana saurayi. Sauran suka bi sahu. Ƙura ta tashi. Suna matsawa, yana jiran ƙarar da za ta kawo ƙarshen kome, ba abin da yake ji sai kukan raƙuma.

Sai wata murya ta daka tsawa. “Kai, ɗan mace! Haka aka koya maka? Ka bar kashin raƙumi nan bayanka!”

Galadima ya ɗago. Wani tsoho ne gajere mai ido ɗaya, ya riƙe ƙugu. Sai da ya dube shi sau biyu kafin ya gane Nabara, wanda suka yi kokawa a wannan wurin suna samari, yanzu shi ne Kauran Tilgam. Wani abu ya kwance a cikin Galadima, har ya ji ƙwalla na neman kunyata shi. Ya ce, “Ashe kana da rai, mai ido guda? Ubangijin da ya rame haka wa zai yi masa bauta? Ko akuyar kirki ba za ta bi ka ba.”

Kaura ya ce, “Shekara talatin da shidda kuna gudun aiki, yau kun taho da bakin magana. Ku share, ku kwashi rabonku, ku ɓace muna da gani.”

Tilgamawa suka fashe da dariya, Dargazawa suka taya su. Nan da nan aka cakuɗe, wannan yana neman ɗan gwaggonsa, wancan yana tambayar ko kawunsa na da rai. Galadima ya ja Kaura gefe, ya nuna sojojin da haɓa. Kaura ya ce, “Ɗiyanmu na duka. Sajensu baƙo na, daga yamma aka kawo shi. Jiya mun ba shi hura da ɗan abin da munka zuba ciki, yana can zangon baya, ba ya iya nisa da bayan gari. Kumandan ko da kainai yas sa hannu ga takardar jakada. Tafinta ya ce mai Sarki ya zagi Dargazawa tas, ya yi murna har ya ba shi sukari.”

Sai idonsa ya kai kan jakuna. Wani buhu ya ɗan ɓule, gero na tsiyaya ƙasa. Kaura ya tsuguna ya tara hannu, ya daɗe yana duban ƙwayoyin. Ya ce, “Wanga fa? Mu ba mu roƙi kowa ba.”

Galadima ya ce, “Wa ya ce kun roƙa? Mu muka kawo hari, kuka fi ƙarfinmu a wannan gefen, kuka ƙwace mana jakuna. Mu kuma muka ƙwace raƙuma a wancan gefen.”

Kaura ya share idonsa mai gani da hannun riga, ya ce ƙura ce. Sa'an nan ya ce, “To madalla. Sauran harbi. Akwai bariki bayan dutsin can, dole su ji an yi hwaɗa, yaran kuma su koma da kwanson harsashi. Na ce musu da kun ɗora igiya ga raƙumin hwarko su saki wuta sama.”

Galadima ya tuna Ubandawaki na laɓe bayan tudu, ƙarar bindiga kawai yake jira. Ya juya, ya ga wani cikin mutanensa ya riga ya zura igiya a wuyan raƙumi. Ya buɗe baki zai yi ihu, bindiga goma suka tashi a tare.

Ƙarar ba ta gama mutuwa ba aka ji kabbara daga kudu. Mutanen Ubandawaki suka ɓullo kan tudu a guje, bindigogi a gaba. Sojan Tilgam suka ga haka, suka fara sake ɗura harsashi, wannan karon bakin bindiga ba sama yake kallo ba. Kaura ya dubi Galadima da idon nan guda, ya ce, “Anaruwa, cin amana?”

Ba lokacin bayani. Galadima ya tattara duk muryar da ta rage masa ya ce, “Dargazawa! Kowane bawa ya kama ubangijinsa! Ku rungume su, kada ku saki!”

Wasan da suka sani ne tun suna yara, jikinsu ya riga hankalinsu fahimta. Kowa ya cafki Batilgamen da ke kusa da shi, har sojojin, aka sarƙe, riga cikin riga, ba ka iya cewa ga na kudu ga na arewa. Galadima ya finciki hannun Kaura, ya ja shi suka fita fili su biyu, suka nufi masu gudun nan, yana ɗaga tsintsiya sama. Ya hangi Ubandawaki a gaba ya durƙusa ya saita. Ya ga hayaƙi. Wani abu mai zafi ya doke shi a damtsen hagu, ya juya shi, ya faɗi kan gwiwa.

Kaura ya tare shi. Galadima ya ce, “Ɗaga ni. In suka gan ni ƙasa an gama.” Ya miƙe yana rangaji, ya ce da ƙarfi, “Dambo! Arba'in muka zo! Tsaya ka ƙirga!”

Ubandawaki ya iso yana haki, bindiga na hayaƙi a hannunsa. Ya dubi taron. Ya ga wani majemi da ya sani rungume da wani soja. Ya ga ba kowa kwance. Ya ga jini na bin hannun Galadima yana ɗiga daga yatsu, ya kuwa san harsashin wa ya yi wannan aiki, don shi ne ya saita Kaura ya harba. Ya ɗaga hannu, mutanensa suka tsaya. Kaura ya juya ya daka wa nasa tsawa, suka zubar da bindigogi ƙasa.

Ubandawaki ya dubi Kaura, ya ce, “Wa ya kashe Mantau?”

Kaura ya ce, “Saje na, da hannunai. Yaran ga sun harba gefe, shi bai harba gefe ba. Ya ce a bar ma ungulu. Da yat tahi munka komo, munka yi mai wanka da ruwan rijiyag ga, liman ya sallace shi. Ga shi can gindin aduwa, mun kewaye da ƙaya don kuraye. Ɗan gwaggonmu na, ba mu barin shi hili.”

Ubandawaki ya ajiye bindiga, ya taka shi kaɗai zuwa gindin aduwar. Ba wanda ya bi shi. Ya daɗe a tsugune, kafaɗunsa na motsi. Kafin ya dawo an yage rawani an ɗaure wa Galadima damtse, harsashin nama ya tsaga ya wuce, bai taɓa ƙashi ba. Galadima ya sa aka wanke masa hannu, ya saki hannun babbar riga ya rufe wurin, ya ce da duk wanda ke nan, “Ba wanda ya ga kome.”

Aka raba ganima. Dargazawa suka kora raƙumi arba'in da gishiri da kanwa, Tilgamawa suka kora jakuna tamanin. Kaura ya keta rigarsa da kansa, ya yi birgima cikin turɓaya, ya tuɓe rawaninsa ya jefa wa Galadima, ya ce ya kai wa Sarkinsu ya yi taƙama da shi. Ya ƙara da cewa, “Baɗi ku zo da wuri, malalata.”

La'asar sakaliya suka iso. Tun daga ganuwa aka hango raƙuma, guɗa ta tashi, garin ya fito kaf. Waɗanda suka ƙi cewa a sauka lafiya da safe su ne a gaba wajen sannu da zuwa, haka mutane suke. Galadima bai tsaya ba, ya wuce fada, jiri na ɗibarsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye rawanin Kaura, ya ba da labari a taƙaice, ya tsallake abin da ya tsallake.

Sarki ya yi murna, amma bai manta da maganarsa ba. Ya ce, “An ji ƙarar bindiga har gonakin arewa. Na yi alkawari gaban majalisa, dole in tambaya. Jinin Badargaje ya zuba?”

Galadima ya ce, “Arba'in muka tafi, arba'in muka dawo, Zaki.”

“Ba abin da na tambaya ke nan ba. Mene ne wannan a hannun rigarka?”

Galadima ya duba. Jinin ya ratso ɗaurin, ya yi tambari a farar riga, kowa na gani. Ya san Ubandawaki na zaune dama da shi, ya kuma san kalma ɗaya ta ishi Dambo: in ya ce sojan Tilgam ne suka yi harbin, ba mai ƙaryata shi sai mutanen Unguwar Gishiri, su kuwa wa zai saurare su? Galadima ya ce, “Ƙaya ce ta karce ni a hanya, Allah ya ba ka nasara.”

Sarki ya ce, “Ƙaya?”

Ubandawaki Dambo ya matso gaba da gwiwa. Ya kwance takobinsa ya ajiye gaban karaga, ya sa goshi a ƙasa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ni ne ƙayar. Tilgamawa sama suka harba. Ni na harba cikin mutane, shi ya tare da jikinsa. Da bai tare ba, da yau gawa muka kawo maka maimakon gishiri. Su ne kuma suka yi wa ƙanena sutura. In akwai gidan da zai tashi, nawa ne.”

Sarki Barmo ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ja dogon numfashi, ya sauke, fuskarsa ta saki irin yadda ba a gani ba tun da aka rufe iyaka. Ya ce, “Galadima ya ce ƙaya ce, dattijo kuwa ba a ƙaryata shi a fadata. Ban taɓa jin an tashi unguwa saboda ƙaya ba, ba kuma za a fara a zamanina ba. Ɗauki takobinka, Ubandawaki. Magatakarda, rubuta wa Joji cewa mun yi karo da mutanen Faransi a iyaka, mun kore su, mun kama raƙuma. Na tabbata yanzu haka ana rubuta wa Kumandan irin wannan nasara a Tilgam. A fasa gishiri, a fara da gidajen masu jego. A kira wanzami ya duba Galadima.”

Galadima ya nemi a bar shi ya je gida tukuna. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi, sai ya ji an tallabe shi ta dama. Ubandawaki ne. Haka suka fita, suka ratsa kasuwa, mutane na buɗe musu hanya, har bakin Unguwar Gishiri.

A nan ya tarar da abin da bai sani ba. Tun da suka fita da safe unguwar ta ɗaure kayanta. Kowace ƙofa ga tabarmi a naɗe, ga tukwane cikin raga, ga awaki a ɗaure, tsofaffi zaune kan ƙullin tsummokaransu. Sun ji guɗa, sun ga raƙuma, amma sun ji an ce an ga jini a rigar Galadima, don haka ba wanda ya taɓa ko igiya ɗaya. Wata tsohuwa da ta goyi Galadima yana jariri ta taso da sanda, ta dubi hannun rigarsa, ta dubi wanda ke riƙe da shi, ta ce, “Anaruwa, ta wace ƙofa za mu fita?”

Kafin Galadima ya amsa, sai Ubandawaki ya zaunar da shi kan dakali, ya je ya ɗauki ƙullin tsohuwar ya ɗora a kansa, ya ce, “Iya, nuna mini ɗakinki.”